Ƙara Wa Kwamfutar Tafi-da-gidanka Ƙarfin Wasa: Inda Ya Kamata Kuɗi Su Tafi

GOMBE: Ɗan kasuwar da ya saro kwamfutocin gwanjo daga Legas ko Kano domin matasa masu sha'awar wasanni, ya kamata ya san abin da ke sauyuwa cikinsu kafin ya zuba jarinsa. A akasarinsu, na'urar sarrafa hoto a liƙe take da allon kwamfutar, ba ta ciruwa. Duk mai gyaran da ya yi alkawarin sauya ta, a yi hattara da shi.

Riba tana wajen ma'adanar RAM. Kwamfutar da ba ta da na'urar hoto ta musamman daga nan take aro, saboda haka sanda biyu masu gigabait 8 sun fi guda ɗaya mai 16 amfani. Sai dai a duba iri, domin DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, wasu kuma ba su da gurbin ko kaɗan.

Faifan SSD yana gaggauta buɗe wasa, amma motsin hoto ba ya ƙaruwa sosai.

Mafi araha shi ne shara. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin Gombe na watan Afrilu ya ƙara, sai na'urar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.