Alƙalamin Yawunde da Masu Jiran Mutuwa a Arewacin Kamaru

Shirin namu na musamman ya sauka yau a Garwa, bakin kogin Binuwai, kuma batunmu shi ne afuwar shugaban ƙasa ga wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa.

Dattawan Garwa ba sa buƙatar a ba su labarin wannan afuwa, domin ɗan garinsu, Alhaji Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, ya bayar da ita, daga baya kuma aka ba shi. A farkon 1971 kotun soja a Yawunde ta yanke hukuncin kisa ga madugun 'yan tawayen UPC, Ernest Ouandié, da limamin Katolika na Nkongsamba, Albert Ndongmo. Takardun suka isa gaban Ahidjo. Ya sassauta wa limamin zuwa ɗaurin rai da rai, aka kawo shi gidan yarin Cholire, nan cikin yankin Arewa, inda ya zauna har aka sake shi a 1975. Shi kuwa Ouandié, ranar 15 ga Janairun 1971 aka harbe shi a bainar jama'a a Bafusam, tare da mutum biyu.

Shekara goma sha uku bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Ahidjo ya sauka a Nuwamban 1982 ya miƙa wa Paul Biya mulki, ba a jima ba suka ɓata. A Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke wa Ahidjo hukuncin kisa a bayan idonsa, yana ƙasar waje, bisa zargin ƙulla makirci. Da shi da dogarawansa biyu, Ibrahim Oumarou da Salatou Adamou. A watan Maris Biya ya sassauta musu. To amma ranar 6 ga Afrilu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, waɗanda galibinsu 'yan Arewa ne, suka yi yunƙurin juyin mulki, abin bai yi nasara ba. A nan afuwa ta yi ɓatan dabo. Cikin 'yan makonni aka yi shari'a a ɓoye, aka harbe gommai a Mbalmayo da kewayen Yawunde. Gidaje da dama a Garwa da Marwa ba su ga gawar nasu ba, balle su yi mata sutura. Ahidjo kansa a Dakar ya rasu a 1989, can kuma kabarinsa yake.

Shin me doka ta ce? Sashe na 8 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa bayan ya ji shawarar majalisar ƙoli ta alƙalai, majalisar da shi ne ke shugabantarta. Sashe na 22 na dokar hukunta laifuffuka kuma ya ce duk hukuncin kisa sai an kai gabansa, ba a taɓa mutum sai ya yanke shawara. Ba a kashe mai juna biyu sai ta haihu, ba a zartar da hukunci ranar Lahadi ko ranar hutu. A takarda, kariya ce mai kyau. Sai dai sashen bai yanka wa shugaban wa'adi ba, bai kuma tilasta masa faɗin dalili ba. Idan ya yi shiru, fursuna ya zauna ke nan.

Shirun kuwa ya daɗe. Rabon da a san an zartar da hukuncin kisa a Kamaru tun 1997, a Mokolo ta yankin Arewa Mai Nisa. Amma kotuna ba su daina yankewa ba. Bayan dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014, wadda hare-haren Boko Haram suka haifar, kotun soja ta Marwa ta shiga yanke hukuncin kisa babu ƙaƙƙautawa. Ƙungiyar Amnesty International ta lissafa aƙalla 160 a 2016 kaɗai. Da yawa daga cikinsu talakawan ƙauyukan iyaka ne, waɗanda aka yi wa shari'a da Faransanci, harshen da ba sa ji. Babu mai musun ta'asar da Boko Haram ta yi a Kolofata da Fotokol, amma mutumin da bai fahimci tuhumar da ake yi masa ba, da wane baki zai roƙi sassauci?

Biya yana yin afuwa, sai dai a dunƙule yake yinta, da umarni guda, ba tare da an zauna an duba shari'ar kowa ɗaya bayan ɗaya a fili ba. Ranar 15 ga Afrilun 2020, lokacin annobar korona, ya sa hannu a kan umarnin rage cunkoso a gidajen yari, wanda ya mai da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai. Wasu suka yi hamdala. Amma umarnin ya ware waɗanda aka ɗaure kan ta'addanci da laifin cin amanar tsaron ƙasa, wato dai rukunin da ya ƙunshi mutanen Arewa da dama. Mutumin da kotun Marwa ta yanke wa hukunci a ƙarƙashin dokar 2014, wannan alƙalami bai bi ta kansa ba.