Yadda Ganga Ke Magana

Watakila ka taɓa tsayawa a mahauta ran kasuwa, ka ji makaɗi ya buga kalangu, sai ka ga wani mahauci can nesa ya ɗaga kai ya yi kuwwa. Ba wanda ya kira sunansa da baki, amma ya san da shi ake. To, ina kalangu ya sami harshe?

Ka fara duba ƙirarsa. Itace ne aka fafe, tsakiyarsa a tsuke, aka rufe bakunansa biyu da fata, aka ɗaure wannan fata da waccan da tsirkiyoyi. Makaɗi yakan rataye shi ƙarƙashin hammata. In ya matse tsirkiyoyin, fata ta ɗame, murya ta yi sama; in ya sassauta, murya ta yi ƙasa, ta yi kauri.

Yanzu ka saurari bakinka. Ka ce wuya, wanda ke ɗauke da kai, sa'an nan ka ce wuya, watau wahala. A rubuce duk ɗaya ne, baƙaƙe huɗu. A baki kuwa na fari ya fara sama ya sauka, na biyu ya fara ƙasa ya hau. Haka kuka na hawaye da kukar miya. Wannan hawa da sauka, da ja da taƙaitawa, su kalangu ke kwaikwayo. Abin mamaki, abin da bokon da kake koyo ya bari bai rubuta ba, shi ne abin da ganga ta ɗauka.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan hikima ba. Yarabawa suna da dundun, babbarsu suna ce mata uwar ganguna. Dagwamba na arewacin Gana suna da lunga, makaɗanta ne ke riƙe da tarihin sarakunan Yendi a ka, uba ya koya wa ɗa. A nan ƙasarmu da kalangu Alhaji Mamman Shata ya yi waƙa har ya rasu a 1999.

Amma za ka ce, ai kalmomi da yawa hawansu da saukarsu ɗaya ne, yaya mai ji zai rarrabe? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa ta fi fitowa fili a ƙasar Kwango. Can akwai mutanen Kele, kusa da Kisangani. Tasu gangar ba fata. Gungumen itace ne aka fafe ta wata doguwar tsaga, leɓe ɗaya na ba da murya sama, ɗaya ƙasa. Wani Bature mutumin Ingila, John Carrington, ya zauna cikinsu ya koya, ya buga littafi a kan wannan a 1949. Ya nuna a harshensu sunan wata da sunan kaza muryarsu ɗaya ce a ganga. Saboda haka makaɗi ba ya faɗin wata kurum, sai ya haɗa da kirarinsa na mai duban ƙasa daga sama. Kaza kuma ya haɗa da irin kukan da 'yan tsaki ke yi. Magana ta yi tsawo, amma ba ta rikice ba. Haka mahaucin nan ya gane: takensa aka kaɗa, wanda ya saba ji tun yana yaro.

Da asuba ko da dare, sa'ad da iska ta kwanta, muryar gangar Kele takan kai mil 5 ko fiye. Ƙauyen da ya ji ya kaɗa wa na gaba, labarin mutuwa ko na baƙo ya riga mai gudu isa. Sai dai tun a zamanin Carrington ya ga 'yan makaranta sun fara sakaci da ita, da yawansu ko sunansu na ganga ba su iya kaɗawa.