Yaron da ya ƙi ɗaya daga cikin iyayensa: hure kunne ne ko tsoro?

Idan aure ya mutu a Kornaka, cikin gundumar Dakoro, kayan ɗaki a yini guda ake kwashe su. Maganar yara ce ke ɗaukar shekaru. Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, don haka al'ada ake bi wajen saki da riƙon yara, tun daga zauren mai gari da fadar sarki, inda ake sulhu, har kotun Dakoro, inda alƙali ke zama da masana al'ada. Abin da aka saba shi ne yaro ya zauna wajen uwa har ya kai kamar shekara 7, sannan uba ya karɓe shi. Daga nan ake fara jin kukan nan: an hure wa ɗana kunne.

Shin ana iya auna hure kunne? A 1985 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Richard Gardner, ya ce cuta ce mai alamomi 8: yaro ya riƙa zagin uwa ko uba ba dalili, ba nadama, yana maimaita kalmomin manya, ƙiyayyar har ta shafi dangin wanda ya ƙi. Likitoci ba su karɓe ta a matsayin cuta ba, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan daga kundinta na cututtuka.

Abin da ke ƙirguwa shi ne aikin manya. Wata mai bincike, Amy Baker, ta tattara dabaru 17 da ake raba yaro da mahaifi, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka yi saki zai gane su: a mayar da kayan sallar da uwa ta aiko, a hana yaro waya, a ce masa ta yi aure ta manta da shi, a sa shi kai rahoton abin da ya gani a can. A 2018 Jennifer Harman da abokan aikinta sun ce wannan ma cin zarafi ne na cikin gida, ko da ba a ɗaga hannu ba.

Sai dai akwai tarko. Yaron da ya ga ana dukan uwarsa, shi ma yana ƙin zuwa, yana ɓuya, yana faɗin munanan kalmomi. Daga waje ba ka bambance shi da wanda aka zuga. Joan Meier ta bi hukunce-hukuncen kotunan Amurka na shekara 10. Ta gano cewa uwar da ta kai ƙarar cin zarafi takan rasa riƙon yara a kashi 26 cikin 100 na shari'o'in, amma idan uban ya mayar da zargin hure kunne, adadin ya kai kashi 50. Shi ya sa a 2023 Reem Alsalem, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, ta nemi ƙasashe su hana kotuna dogaro da wannan zargi.

A wajenmu lissafin ya ɗan juya, tunda galibi uba ne ke riƙe da yaron, uwa ce ake yankewa. Sau da yawa yarinya ce ƙarama: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan mata 9 cikin 10 a jihar Maraɗi an yi musu aure kafin shekara 18. Ta koma gidansu a wani ƙauye, ba kuɗin mota, ba bakin magana a gaban tsofaffin surukanta. Abin mamaki, mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi al'ada sauƙaƙa mata: tana da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji, kuma ko ta sake aure, mahaifiyarta ce ke gaba, ba uban yaron ba.

Mai sulhu da aka kawo wa irin wannan ƙara, gara ya fara da tambayar duka kafin ta zuga: me ya kashe auren, an taɓa kai wani asibiti, me maƙwabta suka ji? Sannan ya binciki yadda yaron yake da wanda ya ƙi kafin rabuwa, ya kuma saurare shi shi kaɗai, ba a gaban mai riƙonsa ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara da Nijar ta amince da ita a 1990 ta ba yaro damar hulɗa da iyayensa duka biyu, sai fa idan hulɗar za ta cutar da shi.