ƘARFI DABAM, ƘARKO DABAM: DARASI DAGA KAKURI

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Kakuri da Makera har ya fita Sabon Tasha, ba zai rasa ganin garejin makanikai a gefen hanya ba, ga injuna nan a zube an farke cikinsu. Abin da ke kashe inji kuwa bai wuce biyu ba: ko dai mai mota ya hana shi abin da ya ke bukata, ko kuwa ya nemi abin da ba a yi shi dominsa ba. Wannan na biyu shi ne za mu yi magana a kansa yau, gama yanzu samari sun shiga sha'awar motocin Amurka masu tsananin ƙarfi, suna kallonsu a waya, har waɗansu na neman makaniki ya ƙara wa tasu motar ƙarfi. Malamin ofis ko malamin makaranta wanda ya yi shekaru yana tanadi, ko ya ci bashi, kafin ya mallaki mota, ya kamata ya san abin da ƙarin ƙarfi ke ci a jikin inji tun bai ba da izni an taɓa masa ita ba.

ƘARFIN DOKI

Da ƙarfin doki a ke auna inji. Wani Bature mutumin Sikotilan, James Watt, shi ya ƙago wannan ma'auni sama da shekara 200 da suka wuce, don ya nuna wa masu sayen injinsa na tururi dawaki nawa zai fanshe su. Ya ce ƙarfin doki ɗaya shi ne abin da zai ɗaga laba 33,000, watau wajen tan 15, sama ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya.

Inji yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona fetur, fetur kuwa ba ya ƙonuwa sai da iska, wajen awo 15 na iska ga awo ɗaya na fetur. Zuba fetur ba wuya, samun iskar ita ce aiki. Saboda haka maƙeran mota suka yi dabara irin ta maƙeranmu. Yadda maƙeri ke zuga wuta da zugazugi har baƙin ƙarfe ya yi ja, haka su ma suka ɗora wa inji wani zugazugi mai cusa iska cikin silinda da ƙarfi. Iri biyu ne: akwai wanda bel ke juyawa daga jikin injin, shi a ke kira sufacaja, akwai kuma wanda hayaƙin salansa ke juyawa, shi ne tabo. Iska ta yi yawa, fetur ya yi yawa, bugun da ke tura fistan ya ƙaru. Ga ido abin kamar kyauta ne, amma fa ba kyauta ba ne.

INJUNA UKU

Bari mu jera injuna uku mu gani. Na farko namu ne na gida. Kakuri ta daɗe da zama unguwar masana'antu, tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot, waɗanda mu ke kira Fijo, aka yi ta fitar da 404 da 504, daga baya kuma 505. Injin 504 silinda huɗu gare shi, girmansa kusan lita 2, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Watau kowace lita tana ba da ƙasa da doki 50.

Na biyu na Amurka ne. Tun wajen 1964, da fitowar Pontiac GTO, Amurkawa ke da wani irin motoci da su ke wa kirari da masu ƙwanji, watau mota matsakaiciya da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas. A 2014 kamfanin Dodge ya fito da wata Challenger mai laƙabin Hellcat, injinta lita 6.2, da sufacaja a bisansa, ƙarfinsa doki 707. Kowace lita ke nan tana ba da wajen doki 114.

Na uku shi ne na motocin tseren gajeren zango a Amurka, waɗanda ba fetur su ke sha ba, wani sinadari ne dabam. Injinsu lita 8 da ɗan ɗori, ƙarfinsa wajen doki 11,000, suna cinye ƙafa 1,000 cikin abin da bai kai daƙiƙa 4 ba. To, da zarar motar ta tsaya sai makanikai su rufar mata, su kwance injin kaf, su canja abin da ya ci wuta, kafin ta sake fita. Kun ga ke nan, injin Kakuri da shekaru a ke lissafin ransa, wannan kuwa da daƙiƙa.

INDA INJI KE KARYEWA

Abokan gaban inji uku ne. Na ɗaya zafi. Cikin ƙarfin da ke cikin fetur wajen sulusi ne kaɗai ke isa ga juya ƙafa. Sauran zafi ne, wani ya bi salansa, wani lagireto ya kwashe. Wanda ya ninka ƙarfin injinsa ya ninka zafin da lagireto zai kwashe, alhali lagireton na nan yadda ya ke. Daga nan ruwa ya tafasa, kan silinda ya lanƙwashe, gasket ya ƙone.

Na biyu fashewar fetur ba bisa ƙa'ida ba. Iska in aka matsa ta sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu. In zafi da matsi suka yi yawa, sauran fetur ɗin da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa, bai jira wutar filogi ta iso gare shi ba. Direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. A ƙaramin inji wannan ɓarna ce ta sannu a hankali, amma a inji mai zugazugi tana iya fasa bakin fistan ko ta karya zobensa nan take.

Na uku gudun inji. In inji na juyi 6,000 a minti, kowane fistan yana tsayawa cik ya juya baya sau 200 cikin daƙiƙa ɗaya. In aka ninka gudun juyin, fizgar da sandar fistan ke sha ba biyu ta ke zama ba, huɗu ce. Tsakanin karanshaf da metal ɗin da ya ke juyawa a kai kuwa ba abin da ya raba su sai ɗan baƙin mai wanda bai kai kaurin gashi ba. Ranar da nauyi ya fi ƙarfin wannan mai, ƙarfe ya gogi ƙarfe, ranar ce a ke cewa inji ya buga.

To, yaya masu Hellcat suka yi har tasu ta ke ƙarko? Biya suka yi. Sun yi gangar injin da zubin baƙin ƙarfe, karanshaf da fistan kuwa ƙirarru ne, ba zubi ba. Sun sa 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistan don ya huce. Sun rage matsin silinda daga 10.9 na injinsu marar zugazugi zuwa 9.5. Sun yi wa iskar da a ke cusawa lagiretonta dabam. Zugazugin kansa yana cinye wajen doki 80 kafin ya ba da kome. Duk da haka makulli biyu suka riƙa ba mai saye, ja da baƙi. In da baƙin aka ta da motar, doki 500 kaɗai za ta bayar. A 2023, shekarar da aka daina ƙera wannan Challenger, sun fitar da wata mai doki 1,025, amma sai an ba ta wani mai na musamman mai yawan sinadarin etanol. In fetur ta sha, ita da kanta ta ke komawa doki 900 don kada ta kashe kanta. Wanda ya ƙera abu ke nan yana tsoronsa, balle wanda ya tsince shi da rana tsaka.

ASIRIN 504

Masu 504 wata hanya suka bi: suka nemi kaɗan daga injin, suka bar masa rara. Gangarsa baƙin ƙarfe ce, kuma silindarsa zararriya ce, in ta cinye sai makaniki ya zare ya sa sabuwa, inji ya dawo ɗanye. Wannan rarar ita ce ta ɗauki zafin bazara, da ƙurar hunturu, da lodin da direbobin haya suka yi ta labta mata a hanyar Zariya da Kano da Kaciya. An daina ƙera ta ta zama a Faransa a 1983, amma Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000.

Kada a ce don ba ta shiga tsere ba ne. A tseren Safari na Afirka ta Gabas, inda a ke tafiyar dubban mil cikin taɓo da ƙura, a 1963 mota 84 suka tashi, 7 kaɗai suka iso, ta gabansu kuwa 404 ce. A 1975, shekarar da aka buɗe ma'aikatar Kakuri, wani mutumin Suwidin, Ove Andersson, ya ci wannan tsere da 504, ya bar motocin Lancia Stratos biyu a bayansa, ga su kuwa sun fi tasa ƙarfi da sauri. Hausawa sun ce garaje ba ƙarfi ba ne.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani zai ce ina ruwansa, shi da ba zai taɓa mallakar doki 700 ba. Da ruwansa. Motocin zamani da yawa ƙananan injuna gare su da tabo, watau tun daga ma'aikata an riga an tatse su fiye da 504, rararsu kaɗan ce. Galibi kuma an ci rabin ransu a Turai ko Amurka kafin su iso mu. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙura mai toshe matatar iska, ga fetur wanda ba kullum a ke samun mai kyau ba. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata wa mutane motoci ba. Injin da ke fama da waɗannan, in aka taɓa ƙwaƙwalwarsa don a ƙara masa iska, ko aka labta masa lodi aka taka totur tun daga Kaduna har Abuja ba sassauci, bashi a ke ci daga kwanakinsa, kuma ranar biya ba ta sallama.

Saboda haka, malamai, in makaniki ya ce zai ƙara wa motarku ƙarfi, ku tambaye shi me zai ƙara wa lagireto, da fistan, da giya, da birki. In bai da amsa, ku karɓi makullinku. Kada ku yarda a cire muku tamostat don wai ƙasarmu da zafi, gama inji mai sanyi ainun shi ma cinyewa ya ke yi, ya kuma sha mai. Ku zuba irin baƙin man da maƙerin motar ya ambata, ku juye shi a kan kari. Mota mai tabo in ta sha doguwar tafiya a bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki kafin a kashe. In kun ji ƙarar tsakuwa cikin gwangwani a kan hawa, ku ɗaga ƙafa, ku rage giya.

Kuɗin sabon inji yana iya cinye albashin watanni, wannan kuwa ƙaramar asara ce in aka gwada da injin da ya buga ana tsakiyar wuce tirela da iyali cike da mota. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, amin.