Rani a Fadamar Tumatir: Abin da Taki Ke Yi wa Ƙasa

Da an gama kai masara da dawa rumbu, wajen watan Nuwamba, aiki ba ya ƙarewa a ƙauyukan da ke tsakanin Funtua, Bakori da Danja. Sauka kawai yake yi daga tudu zuwa fadama. Ana idar da sallar asuba injinan ban ruwa za su fara tashi ɗaya bayan ɗaya a bakin rafi, samari su fito cikin hazo da rigunan sanyi, wannan da fartanya, wancan da mesa a naɗe a kafaɗa. Irin tumatir da aka rena ya isa dashe, an ja fangali, an buɗe hanyar ruwa. Daga nan har zafin bazara, tumatir ne ke tsara wa ƙauyen kwanakinsa: ranar ban ruwa, ranar zuba taki, ranar feshi, ranar tsinka.

Ranar tsinka babu mai zaman banza. Kwanduna na jere a bakin hanya, dillalai na ɗaga murya, ana loda wa motoci zuwa kasuwar Kokami ta Danja, daga can kuma manyan motoci su ɗauki hanyar Legas. Idan kasuwa ta cika a Fabrairu da Maris, farashi ya faɗi warwas, sai mata da yara su zauna da wuƙaƙe suna yanka tumatir ana shanyawa, a yi kauɗa a ajiye wa damina. Da kuɗin wannan amfani ake aurar da 'ya, ake sauya rufin ɗaki, ake biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa har yau ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa.

Amma idan ka zauna a majalisar dattawa bayan la'asar, ba tsutsa ce ta fi yawa a bakinsu ba. Taki ne. Tsadarsa ita ce ta farko: buhun da gwamnati ta tsayar a kan naira 5,500 a 2017 ya ninka sau da yawa tun daga lokacin, musamman bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022. Ta biyu kuma ta fi tsadar ciwo. Inda buhu ɗaya yake isa a da, yanzu sai an ƙara, kuma amfanin bai kai na da ba. Kalma guda suke da ita a kan wannan: ƙasa ta gaji.

Wannan yanki ya san takin zamani kafin wurare da yawa. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya buɗe hanyoyin karkara, ya kafa cibiyoyin sayar da kayan noma, ya kawo taki mai rangwame da ingantaccen irin masara. Ƙasar dawa da auduga ta zama ƙasar masara, kamfa da supa da yuriya suka shiga bakin kowa. Alheri ne babba, rumbuna sun cika. Sai dai buhu ya fi mangala sauƙin ɗauka, kuma sannu a hankali jakin da ke kai takin gida gona ya rage zirga-zirga.

Domin ka ga abin da aka rasa, ɗebi ƙasa daga gindin gawo ko daga tsohon juji, ka ɗebi wata daga fangalin da ya shekara da shekaru ba ya ganin komai sai takin buhu. Ta farko baƙa ce, tana marmashewa a hannu, tana ƙamshi, wataƙila ma ka ga tana tana motsi a ciki. Ta biyu ta yi fari, idan ta bushe sai ta ƙame, ruwa ya riƙa gudu a kanta. Bambancinsu shi ne rai. A cikin cokalin shayi guda na ƙasa mai lafiya akwai miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya da dangin fumfuna. Su ne ke ruɓar da kara da kashin dabbobi su mayar da su abincin shuka. Su ne ke manne ƙwayoyin ƙasa har ta iya riƙe ruwa da iska. Wani jinsin fumfuna yana shiga saiwar tumatir, ya miƙa siraran zarurruka zuwa inda saiwar ba ta kaiwa, ya jawo mata sinadarin fosfaras da ruwa, ita kuma ta ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa. Wasu kuma gasa suke yi da ƙwayoyin cuta, su hana su sakat a gindin shuka.

Ko yuriyar da ake taƙama da ita sai ta bi ta hannunsu. Kashi 46 cikin 100 na buhun naitirojin ne, amma halittun ƙasa ne ke sarrafa shi ya koma yanayin da saiwa ta fi sha. A cikin wannan sarrafawa ana sakin tsami kaɗan kaɗan. Ƙasar yankinmu ba ta da ƙarfin shanye shi, domin ruɓaɓɓen abin da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya akwai filayen gwaji da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara bayan shekara. Abin da suka nuna a fili yake: inda aka dage da takin naitirojin zalla, ƙasa ta yi tsami, ƙarfinta ya ragu, inda aka haɗa da kashin shanu, ta fi riƙe albarkarta. Takin zamani ba guba ba ne. Idan an sa shi daidai, shuka na yin saiwa da kara masu yawa, halittun ƙasa su samu abin ci. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka bar shi shi kaɗai, aka kuma kwashe duk abin da gonar ta haifa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shi kansa tumatir yakan nuna idan an wuce gona da iri. Yuriya ta yi yawa, sai ganye ya yi duhu ya cika fangali, fure ya riƙa zuba, 'ya'yan su yi ruwa-ruwa, su kasa jure tafiyar Legas. Wani lokaci gindin tumatirin ya yi baƙi ya lotsa, manomi ya ruga sayen maganin feshi, alhali ba cuta ba ce: sinadarin kalshiyam ne bai isa 'ya'yan ba, saboda ban ruwa marar tsari da yawan taki.

Matasan da suka yi makaranta hankalinsu ya fi karkata ga rumfar leda da raga, wadda ake noma a cikinta ko da ruwan sama na sauka. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Tumatir ya fi tsada daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da fadama ta tashi, kuma raga tana tare tsutsa da farin ƙuda. Sun ji labarin rumfunan Jos da babban gidan renon iri na kamfanin Dangote a Kadawa ta jihar Kano. Abin da ya kamata su sani kafin su zuba jari shi ne rumfa tana hanzarta duk abin da taki ke yi wa ƙasa. A fili, ruwan damina na kusan milimita 1,000 yana wanke ragowar taki duk shekara. A ƙarƙashin leda babu mai wankewa. Gishirin taki sai ya taru, har ka ga saman ƙasa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, saiwa ta kasa shan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take, halittu masu amfani su ragu. Kuma da yake kuɗin rumfa na sa a yi ta maimaita tumatir a wuri guda, masu cutar da shi ne ke samun gindin zama: tsutsar da ke ƙulla ƙululu a saiwa, da bakteriyar da ke sa shuka ta yi yaushi farat ɗaya tana koriya shar. Gane wannan ta biyun ba wuya. Yanke karan kusa da gindi, ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau. Idan wani farin zare ya fara sauka daga karan, ita ce, kuma ƙarin taki ba zai tashe ta ba.

Kowa a ƙauyen ya san maganin gajiyar ƙasa. Samunsa ne ya yi wuya. A da, bayan girbi Fulani kan sauka da shanu su kwana a gona, manomi ya ba da hatsi, gona ta samu taki. Rashin tsaron da ya addabi kudancin Katsina ya raunana wannan tsohuwar amana. Karan dawa da harawa sun zama kuɗi, ana kwashe su tas don abincin dabbobi da girki da danga. Jujin gari ya cika da leda. Kashin kaji daga gidajen gona yana da ƙarfi, amma shi ma sai da kuɗi, kuma idan aka zuba shi ɗanye yana ƙona saiwa.

Duk da haka akwai gidajen da ba su saki hanya ba, kuma fangalinsu yana bayyana su. Suna tara kashin awaki da tumaki da sharar turke a rami, a yayyafa ruwa, a juya, sai ya ruɓe ya huce kafin a kai gona. Takin buhu kuma ba sa watsa shi a sarari rana ta kwashe rabonta. Sukan tona ɗan rami gefen shuka su binne, kaɗan kaɗan, sau biyu ko uku. Bayan tumatir ba sa bin sa da tattasai ko barkono ko gauta, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Sukan sa masara ko albasa, da damina kuma wake, gyaɗa ko waken suya. Tuge waken suya mai fure ka fasa ƙananan ƙwayoyin da ke jikin saiwarsa: idan cikinsu ja-ja ne, bakteriya na can suna kamo naitirojin daga iska kyauta. Mai rumfa kuma yana iya jiƙa ƙasarsa a zafin Maris da Afrilu, ya lulluɓe ta da farar leda mako huɗu zuwa shida don rage cuta, sannan ya mayar mata da ruɓaɓɓen taki, ya riƙa yi mata ban ruwa mai yawa lokaci zuwa lokaci don gishirin ya nutse.

Abin da manomi ba zai iya yi shi kaɗai ba shi ne auna ƙasarsa. Tumatir ya fi son ma'aunin tsami tsakanin 6 da 6.8, kuma ido ba ya gane wannan. Nan ne aikin hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, wato KTARDA, da malaman gona da masanan Samaru yake: gwajin ƙasa mai sauƙin kuɗi a kusa da manomi, da shawarar da ta dace da fadamarsa. Duk shirin da zai raba buhunan taki ko ya gina wa matasa rumfuna, ya kamata ya zo da wannan a haɗe. Fadamun Funtua da Malumfashi gado ne da za a raba wa 'ya'ya masu yawa, kuma kowane zai karɓi yanki ƙarami fiye da na mahaifinsa. Ƙaramin yanki ba zai ciyar da gida ba sai ƙasarsa tana da rai.