Littafin Shiga da Fita na Iskar Duniya

Malamai da akawuna, ku da kuka saba da littafin shiga da fita, ku sani iskar duniya ma tana da nata. Akwai wata iska, kabon dayoksaid, wadda numfashi da wuta da injuna ke fitarwa, tsirrai kuwa su shanye. In ta yawaita sai ta tsare zafi a doron ƙasa.

A 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa, ya sami wajen kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Japan ta harba kumbon GOSAT a 2009, Amurka ta bi da OCO-2 a 2014. Hasken rana da ƙasa ta mayar sama suke dubawa, gwargwadon abin da iskar ta rage masa su san yawanta.

Ashe ƙarin ba ɗaya yake kowace shekara ba. A 2015 da 2016, shekarun El Niño, ya kai wajen kashi 3 a shekara. Kumbon ya nuna dalili: fari a Kudancin Amurka, gobara a Indonesiya, a Afirka kuwa zafi ya hanzarta ruɓewar matattun ganyaye.

Mu mutanen fadamar Rima abin ya shafe mu, gama iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa, in ta tashi zubarwa sai ta kwararo. Manoman shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi ba su manta ambaliyar 2020 ba. Muna roƙon kowane hedimasta ya kafa ma'aunin ruwan sama, yara su riƙa rubutawa kullum da safe.