Ciwon Mahaifa Da Ke Kashe Karya Bayan Barbara

Manomin da ke da karya mai gadin gida ko mai raka shi farauta ya san amfaninta, haka kuma ɗan kasuwan da kyanwa ke tsare masa buhunan hatsi daga ɓeraye. To, akwai wani ciwo da ke kashe waɗannan dabbobi, mutane su ɗauka guba aka ba su, alhali kuwa daga cikin jikinsu ya taso.

A jikin kowace dabba akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon. Su ne 'yan aike da ke bin jini suna gaya wa gaɓoɓi abin da za su yi. Karya takan nemi namiji sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Da wannan lokaci ya wuce, sai wani homon mai suna furojestaron ya yawaita a jininta har wajen wata 2, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba. Aikinsa shi ne gyara wa 'ya'ya wurin kwanciya, gama cikin karya kwana 63 ya kan yi. Yakan rufe bakin mahaifa, ya hana ta motsi, ya ƙara mata kauri da danshi. Sa'an nan ya sassauta ƙarfin fararen ƙwayoyin jini, watau sojojin da ke yaƙi da cuta a wurin.

Ai kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da suka kutsa sa'ad da bakin mahaifa ke buɗe, galibi irin na cikin kashi, sai su tarar ba mai tare su. Su yi ta hayayyafa har mahaifa ta cika da mugunya. Wani bincike da aka buga a 2001 a ƙasar Suwidin ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a cire wa mahaifa ba sukan kamu kafin su kai shekara 10.

Alamun sukan bayyana mako 4 zuwa 8 bayan barbara. Karya ta ƙi abinci, ta yi laƙwas, ta riƙa shan ruwa kamar ba ta ƙoshi, ga yawan fitsari da amai. Wata mugunya mai wari takan zubo mata ta baya. Wata kuwa ba a ganin kome sai kumburin ciki, har mai ita ya yi murna yana tsammanin 'yan kwikwiyo. Wannan ita ta fi shiga hatsari, domin dafin yana komawa jini ya lalata ƙoda, mahaifar ma tana iya fashewa.

Abin da ke ƙara jawo ciwon shi ne allurar hana ɗaukar ciki. Waɗansu sukan sayo irin ta mata a kemis su yi wa karya ko kyanwa don gudun yawan 'ya'ya. Irin homon ɗin nan ne a cikinta, saboda haka ƙofa ce aka buɗe wa cuta.

Wanda ya ga alamun nan kada ya tsaya jiƙe-jiƙe ko kafso na 'yan talla, gama ba safai suke kashe mugunyar da ke kulle ba. Ya garzaya asibitin dabbobi ran nan. Maganin da ya fi tabbas shi ne likita ya yi aiki ya cire mahaifar da ma'ajin ƙwai gaba ɗaya, kuma yawancin waɗanda aka kai da wuri sukan tashi. Wanda ba ya bukatar 'ya'ya kuwa, gara a yi mata wannan aiki tun tana da lafiyarta. Ba ya hana ta gadi ko farauta, kuɗinsa kuma bai kai na jinya ba.